Roger de Montgomery: Hakimin iyakar da ya riƙe ƙasa da kagara da gidan zuhudu

A watan Fabrairun shekarar 1083, a bayan ƙofar gabas ta garin Shrewsbury da ke yammacin Ingila, wani babban basarake ya shiga wata ƴar majami'ar katako, ya tuɓe safar hannunsa ya ɗora a kan bagade. A al'adar wancan zamani, yin haka alkawari ne da ba a warwarewa: ya ɗauki nauyin gina katafaren gidan zuhudu a wurin. Mutanen garin da suka ji labari sun san shi sarai. Shi ne mai kagarar da ke bisa tudu a arewacin gari, wadda ta cinye gidajensu har 51.

Sunansa Roger de Montgomery, mutumin Normandi ne a arewacin Faransa. Duk wanda ya zauna ajin tarihi a lakkol ya ji labarin Giyom, wanda Ingilishi ke kira Wiliyam, sarkin Normandi da ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda baƙi ƴan dubbai suka iya danne ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, har ma suka fara cin ƙasar maƙwabta. Wanda ya bi rayuwar Roger zai ga yadda aka yi.

Gidan da ya fito ba gidan da za a zaci amana daga gare shi ba ne. Wiliyam ya gaji sarautar Normandi a 1035 yana yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, bayan mahaifinsa ya rasu a hanyar dawowa daga ziyarar birnin Ƙudus. Ƙasa ta yamutse, kowane mai doki da takobi ya ja nasa. Mahaifin Roger, wanda shi ma sunansa Roger, yana cikin masu tayar da ƙayar baya, har sai da ya yi gudun hijira zuwa Paris. Ɗan'uwan Roger kuwa shi ne ya shiga ɗakin da yaron sarkin ke barci ya yanka Osbern, mai kula da gidan sarki. Ba a daɗe ba mutanen Osbern suka rama. Duk da wannan jini da ke tsakani, Roger ƙarami ya zaɓi ya manne wa Wiliyam, kuma da sarkin ya girma ya fara yaƙin ƙwato ikonsa, samari biyu ne ke dama da hagunsa: Roger, da Wiliyam FitzOsbern, ɗan wancan mutumin da aka yanka.

Auren Mabel

Wajen shekarar 1050 Roger ya auri Mabel, ɗiyar Wiliyam Talvas na gidan Bellême. Auren siyasa ne tsantsa. Gidan Bellême ke riƙe da kagarorin da ke kan iyakar kudu ta Normandi, irin su Alençon da Domfront, kuma sarki na son su faɗa hannun wanda ya yarda da shi. A nan Roger ya fara koyon zaman iyaka, shekaru ashirin kafin a ba shi ta Ingila.

Sai dai gidan ya yi ƙaurin suna. Surukin nasa ya taɓa gayyatar wani basarake na gidan Giroie zuwa bikin aurensa, ya sa aka kama shi aka ƙwaƙule masa idanu, aka yanke masa hanci da kunnuwa. Gabar ta ci gaba a hannun Mabel. Marubucin tarihi Orderic Vitalis ya kwatanta ta da ƴar ƙaramar mace mai yawan magana, mai wayo, marar tausayi. Ya ce ta haɗa wa Arnold na gidan Giroie guba a abin sha, Arnold ya ƙi karɓa, sai Gilbert, ɗan'uwan mijinta, wanda ya dawo daga hawa da ƙishirwa, ya ɗauka ya shanye, ya mutu bayan kwana uku. Ya dace mai karatu ya san cewa Orderic ya yi rayuwarsa a gidan zuhudun Saint-Évroul, wanda ƴan gidan Giroie suka raya da dukiyarsu. Labarin Mabel daga bakin abokan gabarta ya iso mana. Amma ƙarshenta ya nuna cewa ba su kaɗai ke jin haushinta ba.

A ƙarshen shekarun 1070, wani jarumi mai suna Hugh Bunel, wanda ta ƙwace wa kagarar gadonsa, ya shiga gidanta na Bures cikin dare tare da ƴan'uwansa uku. Ta fito daga wanka ta kwanta ke nan, suka fille mata kai, suka karya gada a bayansu don kada a cim musu. Hugh ya gudu kudancin Italiya, daga can Sisili, daga can ƙasar Rumawan gabas, masu farautarsa na biye. Daga ƙarshe ya fake cikin Musulmi, ya yi shekara ashirin a cikinsu, ya iya harshensu da al'adunsu. Bai sake ɓulla ba sai a 1099, lokacin da mayaƙan Turai suka kewaye Ƙudus, inda ya zo ya miƙa kansa ga rundunar Normandi.

Mabel ta bar wa Roger ƴaƴa maza biyar da mata huɗu da suka girma. Babbansu Robert ya gaji ƙasarta, ya kuma gaji halinta.

Rabon ganima

Abin mamaki, Roger bai halarci yaƙin Hastings na ranar 14 ga Oktoban 1066 ba. Ya bayar da jiragen ruwa 60, amma Wiliyam ya bar shi a gida ya taya matarsa Matilda riƙon Normandi. Sarkin da zai fita yaƙin da ba shi da tabbacin dawowa, ba ya barin gida sai a hannun wanda ba ya shakka. Roger ya taka Ingila ne a watan Disamban 1067, kuma nan take aka ba shi yankin Arundel a gaɓar tekun kudu, inda ya kafa kagarar da har yau take tsaye, don tsare hanyar jiragen da ke zuwa Normandi.

Babbar matsalar tana yamma. Can ne ƙasar Wales, ƙasar duwatsu da ruwan sama, mai harshenta da dokokinta da sarakunanta, irin su na Gwynedd da Powys da Deheubarth. Tun ƙarni na takwas wani sarkin Ingilishi mai suna Offa ya sa aka tona doguwar ganuwar ƙasa tsakanin ɓangarorin biyu, amma hakan bai hana kai hari da korar shanu ba. A 1069 wani basaraken Ingilishi, Edric, ya haɗa kai da mutanen Wales suka auka wa Shrewsbury, suka ƙone garin, kagarar ce kawai ta gagare su.

Wiliyam ya ga ba zai iya tsare wannan iyaka daga Landan ba. Sai ya yanka ta gida uku, ya ɗora wa kowane yanki mai sarautar da suke kira erl, wato babban hakimin da ke riƙe da lardi sukutum a madadin sarki. Kudu, a Hereford, ya sa FitzOsbern. Arewa, a Chester, ya sa Hugh na Avranches, wani ƙaton mutum da ƙiba ta kusa hana shi tafiya. Tsakiya, a Shrewsbury, ya sa Roger a farkon shekarun 1070. Ikon da aka ba su ya wuce na sauran hakimai: a Shropshire kusan duk ƙasar da a da ta sarki ce ta koma hannun Roger, shi ke naɗa mai shari'a da karɓar haraji na lardin, shi ke raba gonaki ga mayaƙansa. Abin da suka ƙwato daga Wales kuma, ba mai tambayarsu.

A 1086 sarki ya sa aka ƙidaya dukiyar Ingila kaf, gona da garma da injin niƙa, aka rubuta a kundin da ake kira Domesday. Kundin ya nuna ƙasashen Roger na kawo masa sama da fam 2,000 a shekara, abin da ya sa shi cikin mutum uku ko huɗu mafiya arziki bayan sarki.

Kagara

Wanda ya ji an ce kagarar Turai, ransa zai ba shi dogon ginin dutse irin na fina-finai. Na zamanin Roger yawancinsu ƙasa ce da katako. Sai a tara ƙauyawa a sa su haƙa gwalalo a zagaye, ƙasar da aka haƙo a tula ta a tsakiya ta zama tudu, a kafa hasumiyar katako a bisa, a ƙasa kuma a killace fili da kafi, a yi ɗakunan mayaƙa da bargar dawaki da rumbuna. Cikin ƴan watanni an gama. Nan ne bambancinta da ganuwar da muka sani. Ganuwar Damagaram ko ta Kano gari take kewayewa, mai gari da talakawansa duk suna ciki. Kagarar Normandi mai gida da mayaƙansa kawai take karewa, kuma sau da yawa daga mutanen garin take kare su.

Kundin Domesday ya adana koken mutanen Shrewsbury. Kafin zuwan baƙi garin na da gidaje 252. Yanzu kagara ta ci 51, wasu 50 sun zama kango, Faransawa 43 sun zauna a gidajen da a da ke biyan haraji, sannan Roger ya ɗebi magidanta 39 ya bai wa gidan zuhudun da yake ginawa. Amma harajin da ake nema wurin Ingilishin da suka rage bai ragu da ko anini ba. Daga duk abin da aka rubuta game da Roger, wannan ne kusan kawai wurin da ake jin muryar waɗanda ya mulka.

Daga Shrewsbury ya tura gaba. Ya zaunar da yaransa a bakin iyaka, kowa da tudunsa: gidan Corbet a Caus, Picot de Say a Clun, Reginald de Bailleul a Oswestry. Shi da kansa ya zaɓi wani wuri kusa da mashigin kogin Severn, dajin da a da wasu manyan Ingilishi uku ke farauta, ya kafa kagara ya raɗa mata sunan garinsu na Normandi, Montgomery. Masu binciken kayan tarihi sun shafe sama da shekara talatin, daga 1960, suna tonon wurin. Abin da suka samu ya ba da mamaki: gine-ginen katako a cushe, ga kofaton doki da kan kibiya da fasassun tukwane, amma kuɗi da kayan ƙawa ƙalilan ne. Zaman barikin soja ne aka yi a wurin, cikin sanyi da laka.

Daga irin waɗannan sansanoni mahaya ke kutsawa Wales. Littattafan tarihin Wales sun rubuta cewa Faransawa sun yi ɓarna a Ceredigion, can bakin tekun yamma, a 1073 da 1074. A 1081 aka yaudari Gruffudd ap Cynan, sarkin Gwynedd, da sunan taron sulhu, aka kama shi aka jefa kurkukun Chester, inda ya yi shekaru.

Gidan zuhudu

Mai karatu zai iya tambaya: mutumin da wannan ne aikinsa, me ya haɗa shi da gina wuraren ibada? Ga shi kuma ba ɗaya ya gina ba. A Normandi ya zuba ƴan zuhudu a Troarn, inda aka binne Mabel, ya raya na Sées, ya kuma raya na mata a Almenêches, wanda ɗiyarsa Emma ta shugabanta. A Ingila ya farfaɗo da tsohon gidan ibada na Wenlock wajen 1080, ya kawo masa ƴan zuhudu daga La Charité a Faransa.

Tsoro na ciki, kuma tsoro na gaske. Mutanen nan sun yi imani cewa jinin da suka zubar na jiransu. Bayan Hastings malaman coci sun yanke wa mayaƙan Wiliyam kaffara: shekara guda ta tuba kan kowane mutum da aka kashe, wanda kuma bai san adadin da ya kashe ba, ya riƙa tuba kwana ɗaya kowane mako har mutuwa, ko ya gina coci. Basaraken da ba zai iya ajiye takobi ba sai ya ɗauki nauyin waɗanda za su yi ta addu'a dominsa dare da rana.

Amma a ganina ba a fahimci Roger ba in aka tsaya a nan. Gidan zuhudu a wancan zamani shi ne inda masu karatu da rubutu suke, su ke rubuta takardun mallakar ƙasa, su ke adana su. Yana da gonaki da injinan niƙa, kasuwa na tasowa a ƙofarsa. Shugabansa kuma daga Normandi ake kawo shi. Ƴan zuhudu biyu na farko da suka fara aikin Shrewsbury daga Sées suka zo, haka ma shugabansu na farko, Fulchered, a 1087. Kagara na hana mutane tawaye, gidan zuhudu kuma na sa ƴaƴansu su taso suna ganin baƙon a matsayin mai gida, wanda ake ambaton sunansa a addu'a.

Wanda ya zuga shi kan aikin Shrewsbury limaminsa ne, Odelerius, mutumin Orléans, kuma ƴar majami'ar katakon nan tasa ce. Odelerius na da ɗa da ya haifa da wata Ba'ingilishiya a 1075. Da yaron ya kai shekara goma, uban ya ɗauke shi yana kuka, yaron ma na kuka, ya damƙa wa wani ɗan zuhudu ya ƙetara da shi Normandi, ƙasar da ba ya jin harshenta, ba ya kuma da kowa. Bai sake ganin mahaifinsa ba. Yaron nan shi ne Orderic Vitalis, wanda yawancin abin da duniya ta sani game da Roger daga alƙalaminsa ya fito. Har ya tsufa yana kiran kansa Ba'ingilishi. Ya yabi Roger da hikima da son adalci da sauraron shawarar malamai, ya kuma zuba duk laifin gidan a kan Mabel da ɗanta. Matar Roger ta biyu, Adelaide du Puiset, ita kuwa ya ce mai sanyin hali ce, ita ke jan mijin zuwa taimakon matalauta.

Ƙafa biyu a 1088

Wiliyam ya rasu a 1087, ya raba gado: Normandi ga babban ɗansa Robert, Ingila ga ƙanen Robert, Wiliyam Rufus. Ga masu ƙasa a ɓangarorin teku biyu, irin su Roger, wannan masifa ce, domin in ƴan'uwan suka yi faɗa, duk wanda ka bi ɗayan zai ƙwace maka. A 1088 manyan hakimai suka yi tawaye don su haɗe ƙasashen a hannun Robert. Roger na cikinsu a asirce, ƴaƴansa kuma na cikin waɗanda suka kulle kansu a kagarar Rochester.

Rufus bai yaƙe shi ba, lallashinsa ya yi. Ya tuna masa cewa mutumin da ya zaɓe shi sarki shi ne dai ya bai wa Roger Shrewsbury, don haka in ana shakkar zaɓin farko, na biyun ma abin shakka ne. Roger ya gane karatun, ya janye. Tawayen ya watse, Odo na Bayeux da ya jagorance shi ya rasa komai a Ingila, Roger kuwa ko gona ɗaya bai rasa ba, ƴaƴansa ma aka yafe musu.

Harinsa na ƙarshe shi ne mafi girma. A 1093 aka kashe Rhys ap Tewdwr, sarkin kudancin Wales, ƙasarsa ta zama ba mai tsaro. Rundunar gidan Montgomery ta ratsa duwatsu har teku, ta kafa kagara a Cardigan, ɗansa Arnulf ya zarce kudu maso yamma ya kafa ta Pembroke. Shekara guda kacal, a 1094, mutanen Wales suka tashi gaba ɗaya, suka rushe kagarorin yankin, biyu kawai suka tsira, Pembroke na ciki.

A wannan shekarar ciwo ya kama Roger. Ya sa aka kai shi gidan zuhudunsa na Shrewsbury, ya tuɓe kayan sarauta ya sa baƙar rigar ƴan zuhudu. Kwana uku ya yi a cikinta, ya rasu ranar 27 ga Yulin 1094, aka binne shi a cikin majami'ar.

Shekara takwas

Ɗansa Hugh ne ya gaji sarautar Shrewsbury. A 1095 mutanen Wales suka ci kagarar Montgomery suka kashe mayaƙan da ke ciki. A 1098 Hugh na yaƙi a tsibirin Anglesey sai ga jiragen sarkin Nowe, Magnus, sun ɓullo ba zato. Hugh ya kutsa da dokinsa cikin ruwa, sulke ya rufe shi ko'ina sai idanu, kibiya ta same shi a nan.

Sai Robert na Bellême ya biya Rufus fam 3,000 ya karɓi gadon ƙanensa, ya haɗa da na Normandi. Gwanin gina kagara ne, ya kuma yi suna wajen azabtar da fursunoni, har ana cewa ya fi son ya ga sun mutu a hannunsa da a biya shi fansa. Dabarar uban ta sanin lokacin janyewa ce ba shi da ita. Ya goyi bayan Robert na Normandi a kan sabon sarki, Henri na ɗaya. A 1102 Henri ya jera masa tuhuma 45, ya bi kagarorinsa ɗaya bayan ɗaya, Arundel, Bridgnorth, har Shrewsbury, ya kore shi daga Ingila. Ƙannensa Arnulf da Roger su ma suka rasa nasu. Shekara takwas bayan rasuwar dattijon, gidan Montgomery ba shi da taƙi ɗaya a Ingila ko Wales. A 1112 Robert ya zo wurin Henri a matsayin manzon sarkin Faransa, Henri bai duba alfarmar manzanci ba ya kama shi. Takardun baitulmalin 1130 sun nuna har lokacin ana biyan kuɗin abincinsa da tufafinsa a kurkuku.

Tsarin da Roger da takwarorinsa suka kafa ya fi gidansa daɗewa. Hakiman iyaka masu ikon kansu sun ci gaba da gutsurar Wales har 1283, lokacin da sarki Edward na ɗaya ya gama da sarautarta ta ƙarshe, kuma a Shrewsbury aka yanke wa Dafydd ap Gruffudd, basarakenta na ƙarshe, hukuncin kisa. Gidan zuhudun ya rayu har 1540, da Henri na takwas ya rufe irinsa a faɗin ƙasar. Rabin majami'ar ya tsira, ana ibada a ciki har yau, da ginshiƙan jan dutse na zamanin Roger.

A kan iyaka kuwa, an gina sabuwar kagarar dutse a 1223 a wani tsauni da ke kusa, gari ya taso a gindinta, Ingilishi na kiransa Montgomery. Masu jin harshen Wales ba su taɓa karɓar sunan ba. Garin suna ce masa Trefaldwyn, wato garin Baldwin, sunan da ya fito daga gidan da aka bai wa yankin bayan 1102. Wurin da kagarar Roger ta tsaya, wanda yanzu tudu ne da itatuwa suka rufe a tsakiyar gonaki, suna kiransa Hen Domen, ma'ana tsohon tudu.